Alhaji Sanusi Ɗantata da Fataucin Shanu Zuwa Ikko

An haifi Alhaji Sanusi Ɗantata a Kano wajen 1919. Mahaifinsa shi ne Alhassan Ɗantata, attajirin nan mutumin Bebeji, daga zuriyar Agalawa da suka gaji fatauci kaka da kakanni. Ya tashi da karatun allo kamar sauran 'ya'yan gidan, kuma yana da kimanin shekara 16 mahaifinsa ya danƙa masa wani kaso na cinikin shanu: a saya a Arewa, a loda a jirgin ƙasa, a kai Ikko.

Wannan fatauci yana da dalili. A kurmi akwai masu son nama da kuɗin saye, amma tsando ba ya barin shanun Fulani su daɗe a can, sammore ke gamawa da su. A Arewa kuwa ga garkuna, ga jangali da a wancan zamani ke sa makiyayi ya fitar da sa kowace shekara. Shanu da yawa daga Damagaram suke gangarowa, su ratsa ƙasar Daura ta wajen Zango da Mai'aduwa, su nufi Kano. Wanda ya shiga karar Mai'aduwa ranar Lahadi zai ga yadda abin yake har gobe. Mai saye ya buɗe bakin sa ya duba haƙori, ya shafa tozo, ya taya. Mai dabba ya ce albarka. Dillali ya yi ta kai-komo har a ce an sallama, sannan ya karɓi la'adarsa.

Kafin dogo ya iso Kano a 1911, kora ake yi a ƙasa, makonni ana tafiya, dabba ta isa a rame, wata ma ba ta isa. Jirgi ya rage tafiyar zuwa 'yan kwanaki, amma bai kawar da asara ba, domin saniyar da ta kwanta cikin tarago 'yan'uwanta ke tattake ta, sai ɗan rakiya ya yi maza ya tashe ta. A Amurka, tun ƙarshen shekarun 1870 irin su Gustavus Swift suke yanka a Shikago su tura nama cikin taragu masu sanyi. A nan da ranta ake kai dabba, kuma mafi yawa haka ake yi yanzu a manyan motoci.

Wahalar gaske tana can masauki. A Sabon Ibadan ko Agege, falke a hannun maigida yake sauka. Mahauta bashi suke ɗauka, sai sun sayar da nama su biya, ba takarda, sai lamunin maigida. Sana'a ce da ba ta tafiya sai da amana, kuma a cikinta Sanusi ya koyi sanin wanda za a ba dukiya a kwana lafiya.

Daga baya ya haɗa da sufurin motoci, ƙarfinsa ya koma kan gyaɗa. Mahaifinsa ya rasu a 1955, kuma a shekarun 1960, zamanin dalar gyaɗa, Sanusi ne kan gaba cikin masu lasisin sayen gyaɗa a Najeriya, wakilansa sun bazu a ƙauyuka.

Alherinsa ma da wannan hali na amana ya tafi. An san shi da ba yaran gida da ƙananan 'yan kasuwa jari su juya har su tsaya da ƙafarsu, wanda shi ne taimakon da ya fi daɗewa a hannun mai karɓa. Ɗan Ƙadiriyya ne, aminin Malam Ali Kumasi. Jikansa Aliko Ɗangote, da mahaifinsa ya rasu a 1965, a hannunsa ya tashi. 'Yarsa Hajiya Mariya, mahaifiyar Aliko, ta shahara a Kano da ciyar da mabuƙata.

Da girma ya zo, ya miƙa wasu harkokinsa ga 'ya'yansa, ciki har da Alhaji Abdulƙadir, ɗaya daga waɗanda suka kafa kamfanin gine-gine na Dantata & Sawoe. Ya rasu a watan Afrilu na 1997. Allah Ya jiƙansa da rahama.