Yadda Masu Zane na Jamus da Ostiriya Suka Daina Yi wa Manya Kwaskwarima

Tun zamanin da, sarakuna da attajiran Turai kan ɗauki mai zane ya zana musu kamanninsu, kuma kowa ya san ƙa'idar cinikin: wanda ya biya kuɗi shi ake ƙawatawa. A kan gyara hanci, a ɓoye tamoji, a fito da ƙyallin siliki da zinariya. A farkon ƙarni na 20 wasu matasa suka karya wannan ƙa'ida da salon da ake kira Ekspireshanizim, wanda ke fifita abin da ke cin mutum a zuci a kan kamannin da ido ke gani.

A birnin Biyana ne lamarin ya fi tsananta, a hannun Oskar Kokoschka, wanda aka haifa a 1886. Masanin gine-gine Adolf Loos ne ya riƙa samo masa manyan mutane, tare da alkawarin zai sayi duk zanen da mai shi ya ƙi karɓa. Alkawarin kuwa ya yi amfani. A 1910 Kokoschka ya je Siwizalan, ya zana 'ya'yan sarauta da ke jinyar tarin fuka a Leysin, cikinsu har da matar wani basarake Bafaranshe, Victoire de Montesquiou-Fezensac. Fuskokin sun fito a rame, idanu sun zurma, yatsu sun kanannaɗe, launin fata ya koma ruwan toka da kore. A tafiyar ce kuma ya zana likitan ƙwaƙwalwa Auguste Forel, wanda ya ƙi sayen hoton. Bayan shekara 2 shanyewar ɓarin jiki ta kama Forel, mutane suka riƙa cewa mai zanen ya hango ciwon tun bai bayyana ba. Wannan magana ta yi yawa, amma tana nuna irin zurfin kallon da ya yi wa mutumin.

Bayan Yaƙin Duniya na Farko tausayin da ke cikin irin waɗannan zane-zane ya ragu, fushi ya maye gurbinsa. George Grosz, a zanensa na 1926 kan ginshiƙan al'umma, ya jera ɗan siyasa da ɗan jarida da limamin coci da sojoji, wasunsu da ƙoƙon kai a buɗe cike da shara. Max Beckmann ya fi shi natsuwa: a zanensa na liyafar manyan Faris, wanda ya fara kammalawa a 1931, mutane sun cunkushe cikin kwat da kayan ado, amma kusan babu mai duban ɗan'uwansa.

Gwamnatin Nazi ta ɗauki wannan salo a matsayin cin mutuncin Jamusawa. Ta ƙwace dubban ayyuka daga gidajen adana kayan tarihi, ta baje wasu a Munik a watan Yulin 1937 domin jama'a su yi musu ba'a, mutum sama da miliyan 2 suka je kallo. Beckmann ya gudu Amsterdam a wannan watan, Kokoschka kuma ya isa Landan a 1938.