Talabijin da Sana'ar Wasan Kwaikwayo a Arewacin Nijeriya, 1962-2020

Tarihin wasan kwaikwayon Hausa na zamani, in aka dube shi da kyau, tarihi ne na neman wanda zai biya ɗan wasa ladan aikinsa. Sau uku mai biyan ya sauya cikin shekara sittin, kuma kowane sauyi ya zo wa 'yan wasa ba shiri.

A shekarar 1959 ne Gwamnatin Jihar Yamma ta buɗe gidan talabijin a Ibadan. Gwamnatin Jihar Arewa ta bi sahu a 1962 da gidan Rediyo da Talabijin na Kaduna. A 1977 gwamnatin soja ta tattara gidajen talabijin na ƙasar duka a ƙarƙashin hukuma guda, watau NTA, sa'an nan tsarin mulkin 1979 ya mayar wa jihohi ikon kafa nasu, har Kano ta kafa CTV a zamanin Gwamna Abubakar Rimi. A wannan zamani gwamnati ce uwa, ita ce uba. Da kuɗinta aka shirya wasanni irin su Samanja Mazan Fama na Usman Baba Pategi, waɗanda jama'a kan taru a gidan mai akwatin talabijin su kalla.

Da kuɗin mai ya ja baya, aka shiga tsarin tsuke bakin aljihu a 1986, sai kason da gidajen talabijin ke samu ya ragu, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo suka koma neman kasuwa. A 1990 ƙungiyar Tumbin Giwa ta Kano ta fitar da Turmin Danya a kaset ɗin bidiyo. Daga nan mai kallo ya zama mai biya, 'yan kasuwar kaset kuwa suka zama masu faɗa a ji. Sana'ar ta bunƙasa ƙwarai, amma ba ta zauna lafiya ba: a watan Disamba na 2000 Gwamnatin Kano ta dakatar da ita, a 2001 kuma ta kafa Hukumar Tace Fina-finai. Bugu da ƙari, masu satar fasaha suka riƙa kwafar faifai suna sayarwa da araha, har kasuwar faifan ta durƙushe.

Sauyi na uku ya maido da wasa mai dogon zango. Tashar Arewa24, wadda ta fara aiki a 2014, ta shahara da Daɗin Kowa, a 2020 kuma Izzar So ya tara dubban masu kallo a YouTube. A wannan karo mai talla ne mai biya, kuma kamfanin da ke ƙayyade rabon kuɗin tallan yana Amurka.

Abin lura shi ne, masu kallo ba su taɓa ƙaranci ba. Abin da ɗan wasa ya rasa tun 1962 shi ne iko a kan hanyar da aikinsa ke bi ya isa gare su, domin kullum hanyar tana hannun wani: jiya gwamnati da ɗan kasuwa, yau kamfanin waje.