Yadda "IT" Ta Zama Tilas Ga Ɗalibin Injiniya, Da Inda Ta Bar Yaran Gusau

A farkon shekarun 1970, masu masana'antu a Najeriya sun yi ta kukan cewa matasan da jami'o'i ke yayewa sun san lissafin inji a takarda, amma hannunsu bai taɓa shan baƙin mai ba. A 1971 gwamnatin Janar Yakubu Gowon ta kafa Asusun Horas da Ma'aikata, wato ITF, mai hedkwata a Jos. A 1973 asusun ya ɓullo da shirin SIWES, wanda ɗalibai ke kira "IT" kawai: a fitar da ɗalibi daga aji, a ajiye shi gaban injin na tsawon watanni.

Da farko ITF ce ke ɗaukar nauyin komai. Da kuɗin ya fi ƙarfinta ta janye, a 1979 aka miƙa shirin ga hukumar jami'o'i ta NUC da hukumar ilimin fasaha ta NBTE da ke Kaduna, sannan a tsakiyar shekarun 1980 aka maido wa ITF da shi, gwamnatin tarayya na biya. Tsarin da ya tsaya shi ne: ɗalibin injiniya na jami'a ya yi wata 6 a shekararsa ta huɗu, na kwalejin fasaha ya yi wata 4 a lokacin ND. Mai son ci gaba zuwa HND kuma sai ya ƙara shekara guda cur a wurin aiki. Wannan doguwar ita ta fi wahalar samu, domin ba kowane maigida ke son riƙe yaro wata 12 ba.

Waɗanda suka tsara shirin sun ɗauka masana'antu na nan suna jira, kuma a Gusau ta lokacin haka ne. Jirgin ƙasa ya iso garin daga Zariya tun ƙarshen shekarun 1920, ya mai da shi matattarar auduga da gyaɗa. Akwai injin gurzar auduga, akwai kamfanin matsar mai, akwai masaƙar Zamfara Textiles. Manomin Tsafe da na Bunguɗu su ke noma abin da injinan ke ci, 'ya'yansu kuma suna iya koyon tukunyar tururi da wayar lantarki ba tare da sun yi nisa da gida ba. Can kusa da Talatar Mafara ga dam ɗin Bakolori, wanda aka kammala a 1978.

Abin da ke damuna a wannan tarihi shi ne yadda abubuwa biyu suka yi saɓani. Makarantu suka yi ta ƙaruwa: kwalejin fasaha ta tarayya a Ƙaurar Namoda a 1983, ta Abdu Gusau a Talatar Mafara, wadda ke ɗauke da sunan injiniya ɗan garin Gusau, sai jami'ar tarayya ta Gusau a 2013. Masana'antun kuwa suka yi ta durƙushewa, saboda rashin wuta da kwararowar atamfar waje. Masaƙar ta yi shiru, kamar takwarorinta na Kaduna da Kano. Ɗalibai suka yawaita, injinan da za su taɓa suka ragu.

Yau yaro daga Bunguɗu yakan ɗauki takardar makaranta ya zaga ma'aikatar ayyuka, hukumar ruwa, ofishin wutar lantarki, ko wurin 'yan kwangilar hanya. Amsar da ya fi ji ita ce "ba gurbi", sai in wani kawu ya sa baki. Mai hali ya nufi kamfanin siminti na Sakkwato, ko Kaduna, ko Kano, ya nemi ɗan'uwan da zai kwana wurinsa, ga fargabar hanyar Tsafe zuwa Funtuwa. Alawus ɗin gwamnati ba ya isar kuɗin mota, kuma yakan makara.

Akwai littafin da ɗalibi ke cikewa kullum, ya rubuta aikin da ya yi, ya zana abin da ya gani, mai kula da shi ya sa hannu a ƙarshen mako, a buga hatimi. Wanda ya faɗa ofishin da ba aiki, shafukansa cike suke amma da kwafe. Wanda ya ajiye girman kai ya shiga garejin naɗin wayar janareta ko shagon masu haɗa sola a Gusau, sau da yawa ya fi shi fitowa da sana'a. A ganina ya kamata makarantu da ITF su yi wa irin waɗannan wurare rajista, su riƙa tura malamai duba ɗalibai a can, tunda yanzu su ne ke da injin da ke juyawa.