Mashin ɗin da ya daɗe a zaure

Kafin babur ya mamaye titunan Kano, keke ne abin hawan mai rufin asiri, musamman Raleigh. Mai gyaransa yana zaune a gindin dalbejiya da famfo da kwanon ruwa na neman huji, kuma da yawa daga cikin kanikawan babur na farko daga gindin bishiyar nan suka taso. Sun riga sun san ɗaurin sarƙa da miƙe sifok da gyaran birki. Injin ne baƙonsu, shi kuma suka koye shi da kunne da hannu, ba su taɓa ganin littafinsa ba.

Kuɗin Udoji ne ya buɗe musu kasuwa. Da gwamnatin Gowon ta biya ma'aikata ƙarin albashi da ariyas a 1975, malamin firamare da akawu da malamin gona duk suka nufi kantin babura. Wani ya ɗauko Honda Benly, wani Yamaha ko Suzuki, ɗan gaye kuma Vespa. Cinikin ya yi ƙarfin da Honda ta kafa masana'antar harhaɗa babura a Ota ta jihar Ogun a 1979. Mai babur na lokacin ba ya wasa da shi. Ranar Asabar a wanke, a goge, a shigar da shi zaure a lulluɓe da tsohon zane.

Ƙanen mahaifina ɗaya ne daga cikin waɗanda suka baro keke suka koma babur, kuma a rumfarsa nake yin hutun makaranta a ƙarshen shekarun 1980, ina wanke noti cikin fetur a gwangwanin madara. Lokacin tsarin SAP na Babangida, wanda aka fara a 1986, ya riga ya karya darajar naira. Sabon kayan gyara ya yi tsada, motocin haya sun yi ƙaranci, ma'aikacin da ya sayi babur don ƙawa ya fara ɗaukar fasinja da yamma don cefane. Acaɓa ke nan. Rashin kaya kuwa shi ya sa kanikawan zamanin suka zama gwanaye dole. Baffa yana yanka gasket daga kwalin sigari. Wutar tsofaffin baburan ta wasu ƙarafa biyu ce masu buɗewa da rufewa a cikin magineto, yana goge su da ƙaramin fayil, ya auna tazararsu da siririyar takarda. Ba a jefar da kaburata a rumfarsa, sai dai in ta tsage.

Aikin da ya fi so, wanda sauran kanikawa ke gudu, shi ne mashin ɗin da ya yi hatsari, aka gyara jikinsa, sannan aka jingine shi wata da watanni. Labarin kusan iri ɗaya ne kullum. Mai shi ya karye, yana kwance a asibitin ƙashi na Dala ko a hannun mai ɗori, 'yan'uwa sun kai mashin an miƙe kansa, an sa sabuwar fitila, an mayar zaure. Ranar da mutumin ya ajiye sanda ya buga kik, sai mashin ya tashi yana tari, ya mutu da zarar an saki totur. Nan take zai ce wanda ya yi gyaran ya cuce shi.

Baffa ba ya yarda a taɓa sifana kafin ya gama tambaya. "Alhaji, wane gefe ya faɗi? Wata nawa yana ajiye? Da mai a tanki aka ajiye shi ko babu?" Daga nan ya buɗe murfin tanki ya shinshina. Fetur ɗin da ya daɗe warinsa yana komawa kamar na tsohon fenti, domin abin da ke saurin kama wuta a cikinsa ya tsere, ya bar wani danƙo ja. Danƙon nan yana sauka cikin kaburata ya toshe ƙaramin jet, wanda hujinsa bai kai kan allura ba, kuma shi ne ke riƙe injin idan ba a ja totur ba. Shi ya sa mashin zai tashi da cok, ya yi gurnani in an murɗa, ya mutu in an saki. Idan damina ta wuce a kansa tanki rabi, raɓa ta taru ciki ta haifi tsatsa, to ko an wanke kaburata sau goma garin tsatsar zai sake gangarowa ya toshe ta. Sai an sauke tankin an zuba tsakuwa da kananzir an girgiza, aikin da ni ake bar wa.

Daga mai sai wuta. Ya kwance fulogi ya ɗaga shi sama ya ce, "Kai ɗan boko, karanta mana." Baƙi mai toka, mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, sai a duba matatar iska, wadda ƙurar hunturu ko ɓera ya gama da ita. Fari fat, iska ce ke satar hanya, galibi ta robar da ta haɗa kaburata da injin, wadda zafin bazara ya busar ko faɗuwar ta tsaga. Irin wannan mashin in ka saki totur ba ya sauka da wuri, ya yi ta kuka shi kaɗai. Har salansa sai ya leƙa, domin zanzaro yana son ginin laka a bakinta.

Sai bayan duk wannan yake komawa kan hatsarin. A ganinsa ajiya ta fi faɗuwa ɓata mashin, kuma ni ma haka na gani. Amma faɗuwa tana da nata tabon da ba a gani daga waje. Mashin da ya kwanta a gefe, baƙin mai yakan malala ya jiƙa matatar iska. Fulot ɗin cikin kaburata yakan lanƙwashe, mai ya riƙa ambaliya ko ya gaza. Mai miƙe ƙarfe yakan matse wayar wuta a ƙarƙashin tanki, ko ya ɗaura wayar as a kan sabon fenti inda ba za ta kama ƙarfe ba, sai wuta ta riƙa ɗaukewa duk lokacin da aka shiga gargada. Akwai kuma wanda in ka juya kai hagu injin ya ƙara kuka: wayar totur ce aka bi da ita ta hanyar da ba tata ba. Dokarsa guda ce, ba a gyara abu biyu lokaci ɗaya. Ka taɓa ɗaya, ka tayar, ka saurara, sannan ka wuce gaba.

Daga ƙarshen shekarun 1990 zuwa farkon 2000 baburan Sin suka shigo, Jincheng a gaba, daga baya Bajaj Boxer ta Indiya. Araha ta sa duk wanda ya sayar da amfanin gona ko ya samu kyautar ɗan siyasa ya zama mai mashin. Kanikawa suka yawaita, kowane lungu da rumfa. Kayan gyara na Sabon Gari da waɗanda 'yan kasuwar Nnewi ke shigowa da su suka yi sauƙin da sayen sabuwar kaburata ya fi zaman wanke tsohuwa riba. Wutar ma ta koma cikin wani ɗan baƙin akwati a rufe, CDI, wanda ba a buɗe shi, sai dai a canza. Ba na zagin yaran da suka koyi aiki a wannan zamanin. Ɗan acaɓa yana tsaye a kanka, balas na jiransa da yamma, ba shi da awa uku da zai ba ka ka yi bincike. Sai dai an samu kanikawa da yawa masu saurin hannu waɗanda kunnensu bai koyi komai ba.

Sannan gwamnatoci suka fara korar babur. Abuja ta hana acaɓa a tsakiyar birni a 2006, Maiduguri ta hana hawan babur a 2011 saboda hare-haren Boko Haram. A Kano, bayan harin da aka kai wa tawagar Sarki Ado Bayero ranar 19 ga Janairun 2013, gwamnatin Kwankwaso ta hana goyo a babur cikin birni da kewaye. A Daidaita Sahu mai ƙafa uku, wadda aka shigo da ita zamanin Shekarau don ɗaukar mata, ta gaje titi. Wasu baburan aka kai ƙauye, wasu aka tsallaka da su Nijar, wasu kuwa aka tura su zaure da sauran mai a tanki, ana jiran a janye doka. Kanikawa da dama suka koma gyaran mai ƙafa uku.

Abin da ya fito da ragowar baburan nan shi ne cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023. Lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, masu mota suka tuna da tsohon mashin da ke ƙarƙashin buhunan gawayi. Na ga wani maƙwabcina ya sayi fulogi da kwayil da batir da CDI a jere, mashin bai daina tari ba, har wani dattijo mai rumfa ya kwance jet ya busa shi da baki, ya karɓi kuɗin shayi.

Irin waɗannan dattawan sun yi ƙaranci, kuma mafi yawansu ba su da yaran da za su gaje su. Idan kana da mashin da za ka jingine, ka rufe makunnin mai, ka bar injin ya shanye na cikin kaburata har ya mutu da kansa, ka cire batir, ka toshe bakin salansa da tsumma. Idan kuwa ka riga ka makara, ka nemi bakaniken da zai fara yi maka tambaya kafin ya aike ka kasuwa.