Alƙalami ko Zoben Aure: 'Yar Jarida a Tsofaffin Fina-finan Hollywood

A shekarar 1928 aka fara nuna wani wasan kwaikwayo mai suna The Front Page a dandamalin Broadway da ke birnin New York. Mutum biyu ne suka rubuta shi, Ben Hecht da Charles MacArthur, kuma dukansu tsofaffin 'yan jarida ne da suka goge a Chicago. Labarin wani ɗan jarida ne mai suna Hildy Johnson, wanda ya gaji da aikin yana so ya ajiye ya yi aure, da kuma editansa Walter Burns, mutum mai wayon tsiya, da ya lashi takobin ba zai bar shi ya tafi ba. Su biyun maza ne. Budurwar Hildy kuwa ba ta da wani aiki a labarin illa jira da ƙorafi. Da aka mayar da wasan fim a 1931, haka aka bar shi.

Bayan shekara tara darakta Howard Hawks ya sake ɗauko labarin, ya yi masa sauyi guda ɗaya: Hildy ya koma mace, macen kuma tsohuwar matar Walter ce. Hawks ya sha faɗin cewa wata rana ya sa wata mata ta karanta maganganun Hildy, sai ya ji sun fi daɗi a bakinta. Fim ɗin da ya fito a watan Janairun 1940, His Girl Friday, shi ne ya fi shahara cikin wani jerin fina-finan soyayya da barkwanci da Hollywood ta yi ta fitarwa daga wajen 1934 zuwa 1942, inda mace da namiji ke zaman doya da manja a ofishin jarida har su ƙare da aure. A cikinsu mace ta sami bakin da ba ta samu ba a yawancin fina-finan zamanin. Sai dai duk wanda ya kalle su a jere zai lura da wani abu. Ana barin macen ta ci kowace gardama tun daga farko, sai an zo minti biyar na ƙarshe a miƙo mata lissafi.

Me ya kai soyayya ofishin jarida tun farko? Dalili na ɗaya shi ne sauti. Daga 1927 fina-finai suka fara magana, kamfanoni suka bazama neman marubutan da suka iya zance, suka yi ta kwaso 'yan jarida daga New York da Chicago. Mutum kuwa abin da ya sani yake rubutawa. Su waɗannan sun san ƙarar tafireta, da rige-rigen zuwa wayar tarho, da baƙar maganar mutanen da suka saba ganin gawa kafin karin kumallo.

Dalili na biyu takunkumi ne. A 1930 kamfanonin fim suka amince da wani kundin ƙa'idoji na tace fina-finai, amma ba a riƙe shi da ƙarfi ba sai a watan Yulin 1934, lokacin da aka naɗa Joseph Breen shugaban ofishin tacewa, aka ce kowane fim sai ya sami takardar amincewarsa. Aka hana ƙawata zina, aka hana doguwar sumba, aka sa ido a kan duk abin da ya shafi ɗakin kwana. Masu shirya fim sai suka mayar da abin da ba za a nuna ba zuwa baki. Cacar baki ta zama zance. Idan namiji da mace suna ta yi wa juna ba'a ba mai sassautawa, ɗan kallo ya san inda aka dosa.

Fim ɗin da ya nuna hanyar ya riga takunkumin fitowa da 'yan watanni. Shi ne It Happened One Night na Frank Capra, na farkon 1934. Clark Gable ya fito a ɗan jaridar da aka kora daga aiki, Claudette Colbert kuma 'yar attajiri da ta gudu daga hannun mahaifinta. Suka haɗu a motar bas, shi yana binta don ya sami labari. Da dare ya kama su a masauki ɗaya, sai ya ɗaura igiya ya rataya bargo a tsakanin gadajensu. Fim ɗin ya lashe manyan kyaututtukan Oscar guda biyar. Masu kallon fina-finan Indiya ma sun san labarin ko da ba su san asalinsa ba, domin shi aka juya a Chori Chori na Raj Kapoor da Nargis a 1956, da Dil Hai Ke Manta Nahin na Aamir Khan da Pooja Bhatt a 1991. Amma a nan alƙalamin yana hannun namiji, macen ita ce labarin.

Dalili na uku shi ya mayar da alƙalamin hannun mace: a zahiri akwai matan da suka riƙe shi. Tun a 1887 Nellie Bly ta yi kamar ta haukace aka kai ta gidan mahaukata na tsibirin Blackwell, ta fito bayan kwana goma ta tona asirin wurin a jaridar New York World. A watan Maris na 1933 Eleanor Roosevelt, matar shugaban ƙasa, ta fara taron manema labarai na mata zalla, abin da ya tilasta wa wasu kamfanonin labarai ɗaukar mace ko su rasa labarin. Dorothy Thompson ta yi hira da Hitler a 1931, gwamnatinsa ta kore ta daga Jamus a 1934, kuma a 1939 mujallar Time ta sa ta a bangonta, ta jera ta da Eleanor Roosevelt a matsayin matan da suka fi tasiri a Amurka.

Wannan duk yana faruwa ne a tsakiyar karayar tattalin arziki, lokacin da ake yi wa matar aure mai aiki kallon wadda ta ƙwace abincin wani magidanci. Wata dokar tsuke bakin aljihu ta 1932 ta ce idan za a rage ma'aikatan gwamnatin tarayya, a fara da waɗanda abokan aurensu ma ke aikin gwamnati. Mata ne akasari dokar ta ci, kuma ba a soke wannan sashe ba sai 1937. Ke nan 'yar jaridar fim tana tsaye ne tsakanin abu biyu. 'Yan kallo suna jin daɗin ganinta, amma da yawansu ba su yarda ta yi aure ta ci gaba da aikin ba. Kowane fim sai ya nemo yadda zai fita daga wannan tsaka mai wuya.

Hanya mafi sauƙi ita ce nadama. A Mr. Deeds Goes to Town na 1936, Jean Arthur ta fito a 'yar jaridar da ta yaudari wani baƙauye da ya gaji dukiya, wato Gary Cooper, tana fita da shi da dare tana mayar da shi abin dariya a jarida da safe. Ƙwarewarta ita ce laifinta, kuma ba ta sami mijin ba sai da ta tsaya a gaban kotu ta wanke shi. Wata hanyar ita ce jinkiri. Kamfanin Warner Bros. ya yi fina-finai tara daga 1937 zuwa 1939 a kan wata 'yar jarida mai suna Torchy Blane, Glenda Farrell ta fito a bakwai. Torchy kan riga saurayinta ɗan sanda gano mai laifi, auren nasu kuma kullum sai wani abu ya gitta an ɗaga. Da an ɗaura shi, da jerin ya ƙare. Jerry Siegel, ɗaya daga cikin waɗanda suka ƙirƙiri Superman, ya ce daga ita ya samo Lois Lane.

His Girl Friday ya bi wata hanya dabam. Hildy, wato Rosalind Russell, ta shigo ofishin jaridar ne don ta shaida wa tsohon mijinta, Cary Grant, cewa gobe za ta auri wani mai sayar da inshora, mutum salihi, su koma garin Albany su zauna da mahaifiyarsa. Ta ce tana son gida da 'ya'ya da zaman lafiya. A ranar kuwa ana shirin rataye wani talaka, Earl Williams, da ya harbe ɗan sanda, magajin gari da shugaban 'yan sandan yankin suna so a yi ratayar kafin zaɓe don ta ja musu ƙuri'a. Walter ya lallaɓe ta ta rubuta labari ɗaya tak na ban kwana, a gefe guda kuma yana ta ƙulla wa angon sharri ana kama shi ana saki.

Abin da ya sa fim ɗin ya bambanta shi ne yadda ya nuna aikin da kansa. Mun ga Hildy ta ba mai gadi na goro ta shiga wurin fursunan ta yi masa tambayoyi a hankali. Mun ga ta bi mutum da gudu a titi ta kayar da shi don ta ji yadda Williams ya tsere. Mun ga abokan aikinta maza sun karanta rubutun da ta bari a tafireta, suka yarda cewa mai rubutu haka ba za ta daɗe da barin aikin ba. Da suka taru suna yi wa wata matar da ta taimaki Williams izgili har ta fashe da kuka, Hildy ce kaɗai ta kama hannunta ta fitar da ita. Hawks ya sa 'yan wasan suna magana a kan maganar juna, da sauri kamar ana yayyafa tsakuwa a kan kwano. Russell kuma, wadda ta san sai da wasu manyan jarumai suka ƙi rawar kafin a zo kanta, ta faɗa a littafin tarihin rayuwarta cewa da kuɗinta ta ɗauki wani marubuci a ɓoye yana ƙara mata maganganu, don kada Grant ya fi ta baki.

A ƙarshe an ceci Williams, Hildy ta zaɓi aiki da tsohon miji, za su yi kome. Masanin falsafa Stanley Cavell, a littafinsa na 1981, ya sa wa irin waɗannan fina-finai suna da ke nufin barkwancin kome. Amma a duba yadda aka rufe. Walter ya yi alkawarin wannan karon za a yi bulaguron amarci na gaske zuwa Niagara, tunda na farko a ramin haƙar kwal suka yi shi suna bin labari. Sai aka shaida masa a waya: ana yajin aiki a Albany. Nan take tafiyar ta koma can. Ya wuce gaba, ita tana biye da akwati a rungume. Ta tsira da alƙalaminta, amma mijin da shugaban mutum ɗaya ne, kuma bai canza hali ko kaɗan ba.

Lissafi mafi tsada shi ne na Woman of the Year, wanda ya fito a farkon 1942, makonni kaɗan bayan Amurka ta shiga yaƙin duniya na biyu. Shi ne fim na farko cikin tara da Katharine Hepburn da Spencer Tracy suka yi tare. Tess Harding marubuciyar siyasar duniya ce mai jin harsuna da yawa, kuma kowa ya gane Dorothy Thompson aka kwaikwaya. Sam Craig marubucin wasanni ne a jarida ɗaya da ita. Rigimarsu ta fara ne da ta ce a rediyo a dakatar da wasan baseball har a gama yaƙi. Suka yi ta musayar martani a shafukansu, suka haɗu, suka yi aure. Daga nan fim ɗin ya fara tara mata laifi. Ba ta da lokacin miji. Ta ɗauko yaro ɗan gudun hijira daga Girka ba tare da shawararsa ba. A daren da za a ba ta lambar mace mafi fice ta shekara, ta yi shirin barin yaron shi kaɗai a gida. Sam ya mayar da yaron gidan marayu, ya kwashe kayansa.

Marubutan, Ring Lardner Jr. da Michael Kanin, sun rufe labarin da kowa ya shiga duniyar ɗan uwansa: shi ya tafi koyon harsuna, ita ta rubuta masa labarin dambe. Bayan an gwada fim ɗin a gaban 'yan kallo, manyan kamfanin MGM suka sa aka sake ƙarshen. A sabon, Tess ta lallaɓa kicin da asuba don ta yi wa mijinta karin kumallo. Kofi ya tafasa ya zube, ƙullun waina ya kumbura ya malalo, burodi yana tsalle daga na'ura, matar da ke hira da shugabannin ƙasashe ta kasa fasa ƙwai. Sam ya ce mata ba ya so ta bar aiki, ta dai haɗa sunanta da nasa. Maganar ba ta da aibu, amma sai da aka durƙusar da ita na mintuna a gaban murhu kafin a faɗe ta. Hepburn ba ta ɓoye ƙin wannan ƙarshen ba. Marubutan biyu kuma suka karɓi Oscar a kan fim ɗin da ba su suka rufe shi ba.

Yaƙin ya buɗe wa mata ƙofar ofisoshin jarida saboda maza sun tafi fagen daga. A 1943 kamfanin United Press ya ɗauki Helen Thomas, wadda daga baya ta shafe shekaru da dama tana aiko da rahoto daga fadar White House. Da aka gama yaƙin aka sallami mata da yawa don sojoji su koma kujerunsu. Fina-finan ma suka koma gidan jiya: a Roman Holiday na 1953 ɗan jaridar Gregory Peck ne, Audrey Hepburn kuma gimbiyar da yake bi don labari. Ƙungiyar 'yan jarida ta ƙasa da ke Washington ba ta karɓi mace a matsayin mamba ba sai 1971, kafin nan a baranda ake tsayar da su idan babban baƙo ya zo jawabi. A 1970 mata 46 na mujallar Newsweek suka kai ƙara saboda an tsare su a aikin bincike an hana su rubutu, a 1974 kuma matan New York Times suka bi sahu. Wato shekara talatin bayan Hildy Johnson ta zama gwanar ofishinta a allon silima, jikokinta na zahiri suna neman izinin sa sunansu a kan labari.

His Girl Friday ba ya ƙarƙashin haƙƙin mallakar kowa a Amurka tun da aka yi sakacin sabunta rajistarsa a 1968, don haka mai karatu zai same shi kyauta a intanet, ya kalle shi a wayarsa cikin minti 92. Akwatin da Hildy ta runguma bai ɗauki minti ɗaya a ciki ba. Sauran lokacin tana kan waya ne ko kan tafireta, maza suna tsaye suna jiran su ji abin da ta samo.