Daga Zangon Raƙuma Zuwa Zangon Sama: Yadda Labari Ke Isowa Damagaram



Cikin watan Agusta muna kallon ƙwallo a wani gidan kallo, hadari ya taso, hoto ya fara kakkaryewa har ya ɗauke ɗif. Wani yaro ya juyo ya ce da ni: "Yaya, kai da ke aikin rediyo, mi ya haɗa ruwan sama da parabol?" Na ba shi amsa a gaggauce, kuma ni kaina ban gamsu da ita ba. Yau ga cikakkiyar amsar, amma sai mun ɗan koma baya.

Zamanin Sarki Tanimu, wanda ya rasu a 1884, labarin duniya bisa raƙumi yake isowa Zinder. Ayari zai taso daga Tarabulus, ya biyo Gadamas da Gat da Abzin, ya share watanni kafin ya sauka a unguwar Zango, bayan ganuwar Birni. Baturen Jamus Heinrich Barth ya iso nan ƙarshen Disamba 1852, ya zauna wata guda yana jiran saƙo da guzuri daga arewa. Ba raƙumin da ke ƙetare Sahara a numfashi ɗaya, dole sai an yada zango. Ku riƙe wannan kalma.

An kashe kyaftin Cazemajou a nan a 1898, zamanin Sarki Amadu Kuran Daga, Faransawa kuma suka ci garin a 1899. Zinder ta zama babban birni daga 1911 zuwa 1926, lokacin da aka mayar da mulki Yamai. Su ne suka jawo wayar tangaraho, amma tun kafin ita suna da wata dabara da aka koya mana a lakwal. A 1794 Claude Chappe ya jera hasumiyoyi daga Paris zuwa Lille, kowace da hannuwan katako a samanta. Mai gadin wannan ya hango alamar waccan da madubin hangen nesa, ya maimaita wa ta gaba. Sadarwa da gani ke nan, kuma sharaɗinta ɗaya ne: sai na gan ka, ka gan ni. Dare ya yi ko hazo ya sauka, aiki ya tsaya.

Wannan sharaɗin bai mutu ba. Sinyal na FM da na tele miƙe yake tafiya, ita kuwa duniya a dunƙule take. Shi ya sa ake jin FM ɗin Zinder a Mirriya, amma ba a jin ta a Agadas. Maganin shi ne a kafa zango can sama, inda kowa ke hango shi. Wannan zangon shi ne tauraron ɗan'adam. Tarayyar Sobiyet ta harba na farko, Sputnik, a 1957, Telstar na Amurka kuma ya ƙetarar da hoton tele bisa tekun Atlantika a 1962.

Wanda parabol ɗinka ke kallo yana can kilomita 35,786 bisa layin da ya raba duniya biyu. A wannan nisan yana kammala zagayensa daidai da juyin duniya, sai ka gan shi kamar a kafe. Shi ya sa ake ɗaure kwanon sau ɗaya, ba a sake juya shi. Tasha ta aika sinyal sama, tauraron ya ƙara masa ƙarfi, ya maido shi ƙasa. Hawa da saukar na cin kusan kwatan sakan, dalilin ɗan shirun da kuke ji kafin wakili ya amsa tambaya. To ƙanena, sinyal ya riga ya galabaita a wannan doguwar tafiya, ɗigon ruwan hadari kuma ya shanye sauran. Ga abin da ya haɗa su.

Yanzu an dawo ga haske. Tun 1880 Graham Bell ya aika murya bisa hasken rana, tazarar mita 200 da ƴan kai. Da lazer ta samu, a Nuwamba 2001 tauraron Turai Artemis da SPOT-4 na Faransa suka yi musayar saƙo da haske zalla a sararin sama. Haske na ɗaukar bayanai fiye da igiyar rediyo nesa ba kusa ba, kuma siririnsa ya sa satar saurarensa ke da wuya. Taurarin Starlink, da ya fara aiki a Nijar a Maris 2025, suna yawo a nisan ƴan ɗaruruwan kilomita kawai, suna miƙa wa juna saƙo da lazer. Amma zuwa kwanon da ke kan rufinka da igiyar rediyo suke saukowa.

Don mi? Ku tuna hunturu, lokacin da ƙurar Bodele ta ƙasar Cadi ke rufe mu har mai tsaye a Birni ba ya hango dutsen da ke gabansa. Hazon da ya tsayar da hasumiyoyin Chappe shi ne ke toshe lazer. A ƙasa sai dai a kulle hasken cikin zaren gilashi, wato fibir optik, irin wanda aka shimfiɗa daga Zinder zuwa iyakar Najeriya ta Magariya.

Abin da ke damuna shi ne wannan: zamanin Tanimu, zangon namu ne, mu ke saukar da baƙo, mu ke fara jin labari. Tun daga tangaraho zuwa yau, zangon na hannun wasu, mu masu biyan kuɗin wata ne. Mai zango kuwa shi ke da ikon buɗewa da rufewa. Afirka ta yunƙura da tauraron RASCOM a 2007, Nijar kuma ta sa hannu da kamfanin Glavkosmos na Rasha a Nuwamba 2024 don samun nata. Sayen tauraro abu ne na kuɗi, sarrafa shi kuwa sai da ilimi. Ɗaliban Jami'ar André Salifou da ƴan lise masu gudun lissafi da fizik, da ku nake. Yaron nan na gidan kallo ya riga ya yi tambayar da ta dace. Allah Ya sa a cikinku a samu madugun wannan ayari.