Ciyawar da Ta Yaƙi Zazzaɓi

A ƙasar Sin akwai wata ciyawa mai ɗaci da ƙamshi, mai ƙananan furanni rawaya, wadda ke tsirowa da kanta a bakin hanya da kufai. Sinawa na kiranta cinhawo. Danginsu ɗaya da shuwaka, 'yar'uwa ce kuma ta kusa ga tazargaden da a ke sayarwa a kasuwannin ƙasar Hausa.

Wajen shekara ta 340, wani malamin magani, Ge Hong, ya rubuta cewa mai zazzaɓi ya jiƙa ta a ruwa, ya matse, ya sha. Bai ce a dafa ba. Wannan 'yar magana ta kwanta cikin littafi shekara fiye da 1,600, ba wanda ya gane nauyinta.

To, sa'ad da a ke yaƙin Biyetnam, sai zazzaɓin cizon sauro ya dinga kayar da mayaƙa, ga shi kuwa kulorokwin ya fara kasawa. Biyetnam ta Arewa ta nemi gudummawa, hukumar Sin ta kafa aikin bincike a asirce ran 23 ga Mayu, 1967. Cikin 1969 aka ɗora wata mace, Tu Youyou, kan wani sashe nasa. Ita da mutanenta suka tattara magungunan gargajiya sama da 2,000.

Da suka gwada cinhawo, wani lokaci ta yi aiki, wani lokaci ta ƙi. Sai Tu ta koma ga littafin Ge Hong, nan ta lura ashe zafin wuta ke ɓata maganin. Aka tatse shi ba tare da tafasa mai tsanani ba, cikin Oktoba 1971 ya kashe ƙwayoyin cutar ƙaf a jikin ɓeraye. Kafin a ba majiyyata, ita da abokan aikinta biyu suka fara sha da kansu, abin da ba kowane mai bincike zai yarda ya yi ba. Cikin 1972 suka ware ainihin maganin, wanda a ke kira atemisinin.

Da aka buga labarin cikin 1977 ba a sa sunan kowa ba, don zamanin bai yarda a ɗaukaka mutum ɗaya ba. Sai 2015 aka ba Tu lambar Nobel, bayan maganin ya ceci miliyoyin rayuka, yawancinsu yara ƙanana a Afirka. Amma tun wajen 2008 aka ga ƙwayar cutar ta fara yi masa taurin kai a Kambodiya.